Masu Duba Gona da Daddare

Daga Ungogo ka nufi Minjibir, ko ka bi ta Dawanau zuwa Bichi da Tsanyawa, ko ka miƙe hanyar Dambatta da Makoɗa, abu ɗaya ne ba za ka gani ba: daji. Gona na bin gona, gida na kallon gida, kowace kuka da kowace ɗorawa da mai ita. A shekarun 1960 wani Bature mai suna Michael Mortimore ya yi ta auna gonaki yana ƙirga mutane a karkarar Kano, har ya rubuta cewa ƙasar a cike take, da wuya a bar gona ta huta. Da ya tambayi masu shan taba, da sun hutar da shi. Su suka fi kowa sanin cewa a yankin nan ba inda mutum zai tsuguna ya kunna kara ɗaya ba tare da ƙanin babansa ya ɓullo a kan jaki ko babur ba.

Da yake a wajenmu ba huhu ake ji wa tsoro ba, idon jama'a ake ji, sai aka sami mashaya iri-iri, kowa da dabararsa, aka kuma sami dangi da suka ƙware wajen gani su kau da kai.

Babbansu shi ne mai duba gona. Magidanci ne, mata biyu, 'ya'ya har da surukai. Da an sallame isha'i sai ya miƙe daga kan tabarma ya kaɗe riga, ya ce, "Bari in leƙa gona, an ce awaki na shiga." Ba mai tambayarsa wace akuya ce ke yawo da daddare a tsakiyar damina, alhali duk na garin suna turke. Damina ce lokacin shaƙatawarsa. Gero ya yi kai, dawa ta shanye mutum har hularsa, sai ya kutsa can ciki ya tsuguna, ya haɗa tafuka ya kare ashana daga iska. Wahalarsa da kaka take farawa. An girbe gero, an yanke dawa, an ɗaure kara, fili ya buɗe tun daga bakin gari har garin gaba, jar wutar sigari kuwa cikin duhu ba ta da sirri. Daga nan sai ya koma bayan rumbu, ko ya riƙa daɗewa a bayi har uwargida ta fara jiƙa masa maganin basir. In aka wayi gari da hunturu tarin kara ya kama da wuta, za a ce yara ne da wasan ashana. Shi ma yana cikin masu kai ruwa, salatinsa ya fi na kowa ƙarfi.

Sai uba mai aike. Shi ba ya zuwa wajen mai tebur da ƙafarsa, girmansa ya wuce nan. Yaro ɗan shekara bakwai yake kira: "Zo nan. Je ka ce wa mai tebur ya ba ka saƙona." Yaron ya dawo da saƙo a dunƙule cikin hannu, ya san launinsa, ya san ƙamshinsa, ya san ma ranar da Baba ya sauka daga Benson zuwa mai araha saboda kuɗin taki. Shekara bakwai yana wannan hidima. Ranar da aka kama shi a bayan makaranta da guntu a baki, uban ne zai fi kowa mamaki. Ya ɗauko tsumagiya, jikinsa na tsuma: "Wa ya koya maka? A gidan wa ka gani?" Yaron na kuka yana kallon aljihun gaban rigar Baba, inda kan kara biyu ya leƙo, amma tarbiyya ta hana shi ba da amsa. Maƙwabta su taru a ba da haƙuri, a ɗora laifin a kan abokan banza. Wata tsohuwa daga cikin gida ta ce a hankali, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai a yi kamar tari ta yi.

Doka dai tana nan. Tun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar taƙaita shan taba, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara, sai dai kwali sukutum. Kafin nan, a 2007, gwamnatin Kano na cikin waɗanda suka maka kamfanonin taba a kotu, ana zarginsu da jan hankalin yara. Amma ka tsaya wajen kowane mai tebur a bakin kasuwar Dambatta ka ga ko akwai mai sayen kwali. Hotunan ban tsoro da aka fara bugawa a jikin kwalin a 2021 don su razana mashayi, mai tebur ne kaɗai ke kallonsu, shi kuwa ko ɗanɗanawa ba ya yi.

Ɗan ci-rani shi ne mai kwali, na mako guda. Ya dawo daga Legas ko Fatakwal gab da faɗuwar ruwa, da tabarau da leɓe baƙi, yana buga gindin kara a kan farcen babban yatsa kafin ya kunna. A majalisar samari shi ne sarki, yana miƙa wa kowa. Amma da ya hango yayan babansa tafe, sai ka ga hannu ya koma baya, wuta na cin tafinsa, yana durƙushe yana "Barka da yamma, Baba." Tsohon kuwa, da yake ya gane, sai ya ja gaisuwar: ya hanya, ya mutanen Kudu, ya aka baro su wane, nawa ake sayar da buhun masara a can. Hayaƙi na fitowa ta hannun riga, yaro na amsawa da "Lafiya lau" cikin muryar da ba tasa ba. Kafin a yi noman farko kwali ya ƙare, kuɗi sun ƙare, ya shiga layin masu cewa "rage mini".

Shi mai "rage mini" ba ya saye, kuma a ganinsa ba ya sha. In ka tambaye shi zai rantse rabonsa da sayen taba tun kafin aurensa, kuma gaskiya ya faɗa. Ashana ce jarinsa. Da ka zaro kara sai ga shi a gefenka ya ƙyasta maka, daga nan ya zama abokin tarayya.

Akwai mai tuba, wanda ke barin taba duk ranar ɗaya ga azumi. Yakan sanar da iyali, har uwargida ta yi masa addu'a. Kwana biyu na farko ba mai iya yi masa magana bayan azahar, ko kaza ta gifta sai ta sha zagi. A rana ta uku, da an kira magariba, zai jefa dabino ɗaya a baki, ya kurɓi kunu, sai a neme shi a rasa. Ƙosai na hucewa, yara na tambaya, uwa ta ce, "Ya je alwala." Ya dawo idanu sun washe, yana wasa da yara, mutumin kirki. Ya ɗage tuban sai bayan Salla, bayan Salla kuma ga aikin gona, wa zai iya huɗa ba ɗan abin ƙarfafa jiki?

Kusa da shi akwai masanin mas'ala ɗaya. Bai haɗa Ahalari ba, amma ya san cewa wasu malamai sun ce taba makaruhi ce, ba haramun ba, kuma a kan wannan zai yi musu har asuba. Aikin da ke gabansa babba ne, domin a ƙasar Kano an tare masa kowace ƙofa. 'Yan Tijjaniyya ba sa wasa da maganar taba, muƙaddami ba zai saurari uzurinsa ba. Malaman Izala kuma daga kan mumbari haramun suke cewa. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna saɓani a kan abubuwa da dama, a kansa bakinsu ya zo ɗaya. Da ya san cewa sama da shekara 400 da suka wuce Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi fatawar halascinta, a zamanin da ba a san abin da take yi wa ƙirji ba, da ya raɗa wa ɗansa sunan malamin. A masallaci kuwa, duk hujjarsa ba ta hana na kusa da shi a sahu ɗan juya fuska.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne tsoho mai taba gari. Ga ɗan batta a aljihu, garin taba da kanwa, ya ɗiba ya cusa a ƙasan leɓe, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tsartar da yawu ja a gindin bango. Daga wannan bakin ne za ka ji hukuncin 'yan zamani: "Yaran yanzu sun lalace, sai busa hayaƙi." A wajensa abin da ba ya hayaƙi ba taba ba ne, maganin haƙori ne. Ita ma tsohuwar gidan, da ƙuruciyarta da furen taba da goro ta rina haƙoranta suka yi jawur, har aka yi ta yaba kyanta a dandali. In ka matsa wa tsohon da tambaya, zai gaya maka shi ma ya ja Three Rings, mai zobe, a zamanin da kamfanin taba na Zariya ke tashe, amma ai ta da daban ce, ta yanzu duk magani ake zuba mata.

Ita wannan tsohuwa, da yake tsakaninta da jika wasa ne, ita kaɗai ke da lasisin faɗar gaskiya a gidan. Jika ya shigo gaishe ta yana ƙamshin Tom Tom da kanumfari da turare, uku a haɗe, sai ta toshe hanci: "Kai, mijin nan nawa, gobara aka yi a bakinka? Na fasa auren." Kowa ya yi dariya, uwarsa ta sunkuyar da kai tana tankaɗe. In ba kaka ba, sai taubashi, wanda zai iya laluba aljihunka a gaban jama'a ranar suna ya zaro ashana ya tambaye ka ko ka fara sayar da ita ne.

Dariya takan ɗauke in an zo neman aure. Iyayen yarinya za su tura a yi bincike, kuma bayan "Yana salla?" da "Mece ce sana'arsa?" tambaya ta gaba ita ce "Yana shaye-shaye?" A nan karan sigari da wiwi da ƙwaya duk a buhu ɗaya ake zuba su, don an ɗauka mai wannan shi ne mai wancan gobe. Saurayi ya yi wata uku yana goge leɓe da asuwaki, yana zagaye unguwar su yarinyar. Waliyyin da zai ce "Ba ma ba mashayi 'yarmu" wani lokaci shi ne mai duba gonar nan, kuma da zuciya ɗaya yake faɗa. Na taɓa jin an fasa ba wani yaro manomi mata a kan kara ɗaya da aka gan shi da shi a kasuwa, aka ba wani mai shago a birni wanda ke shan kwali a rana, amma a cikin motarsa, gilashi a rufe. Talaka in ya sha, ɗan iska ne. Alhaji in ya sha, sai a ce, "Allah ya yaye masa, mutumin kirki ne, ita ce kawai matsalarsa."

Wani bincike na ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna manya kusan miliyan 3 ke shan taba a Najeriya, maza wajen kashi 7 cikin 100, mata ko kashi 1 ba su kai ba. Ina girmama masu binciken, amma ina so in san a ina suka yi wa mutanenmu tambayar. In a zaure ne, ga suruki a zaune, to ko mutum ɗaya ba za a samu ba daga nan har Kunci.

Matan da aka ce ba sa sha, su ke shan saura. Matar mashayi ta san komai tun makon farko. Ita ke wanke rigar da ke da 'yan ƙananan huji a gaba, ita ke share guntaye daga ƙarƙashin gado kafin uwar miji ta shigo, ita ke zuba turaren wuta a kasko ba don ado ba. Da sanyin hunturu Malam ba ya iya fita bayan rumbu, sai ya sha a ɗaki, ƙofa a rufe, taga a toshe da tsumma, ga jariri a kwance. Yaro ya kwana yana tari, da safe a ce sanyi ne, a nemo man zafi a shafa masa. In aka kai shi asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambaya ko akwai mai shan taba a gidan, uwar za ta gyara goyo ta ce, "A'a, babu." Ba za ta tona asirin uban 'ya'yanta a gaban baƙuwa ba. In ta yi ƙorafi a gida, abin da za ta ji shi ne, "Da kuɗinki nake saya?" Da kuɗin cefane ne, amma wannan ma ba a faɗa. Ranar da kishi ya motsa ne kaɗai maganar ke fita, ita ma a kaikaice, a waƙar daka.

Duk waɗannan mutane a hannun mutum ɗaya suke, wato mai tebur. Ga shi nan a gindin darbejiya da fitilarsa, da alewa da ashana da maganin sauro, kwalayen kuma a ƙasan tebur cikin gwangwani. Ya san wanda ke aiko yaro, ya san wanda ke zuwa da kansa bayan gari ya yi shiru ya ce a ba shi ashana "da abin nan", ya san mai tuban da ya karya tuba a daren uku ga wata. Yana da ɗan littafin bashi da ya rubuta da ajami, wanda in aka karanta shi a kan lasifikar masallacin Juma'a aure biyar zai mutu kafin la'asar. Masu binciken aure sun san da haka, shi ya sa wajensa suke fara zuwa. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce ga kowa: "Wallahi ni ban taɓa ganin ya kunna ba." Bai yi ƙarya ba, a teburinsa ba a kunnawa. In an matsa masa, sai ya duba littafin tukuna, ya ga ko yaron ya biya bashinsa.