Hawan Mambila a Bakin Kududdufi

Tun tsakiyar damina na gama tafiyar, a takarda. Daga ƙauyenmu da ke gefen Dambatta sai Kano, sai Bauchi, a karkata a Dindima a shiga Yankari, a yi wanka a Wikki, ruwan ɗumin nan da ke zaune a wajen digiri 31 rani da damina. Daga nan Gombe, Numan, Jalingo, Bali, har Serti, hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti. Shi ne gandun ƙasa mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, an kafa shi a 1991, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, a kan iyakar Kamaru. Sai a rufe da hawa tsaunin Mambila, a ga gonar shayin Kakara, a kwana a Gembu cikin bargo. Na yi ta karanta wa 'yan majalisarmu wannan jeri har suka fara tuna suna da uzuri da zarar sun hango ni da takarda.

Wani direban babbar mota ne ya dagula min lissafi a tashar Dambatta. Ya ce daga Mayo Selbe hanya take fara nannaɗe dutse, kwana a kan kwana, kuma in mota mai kaya ta tsaya a gabanka dole ka iya tashi a tsakiyar hawa ba tare da ka koma baya ba. Ya dubi motata, tsohuwar 'yar Kwatano, ya dube ni, ya ce, "Malam, ka taɓa yi?"

A ina zan yi? Ƙasarmu shimfiɗe take, gona jingine da gona, gero da dawa da gyaɗa har inda ido ya tsaya. Dala kaɗai na taɓa hawa, ita ma da ƙafa. Uwargida ta ce ga duwatsun Kazaure nan kusa, in je can in koya. Na ce tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 fetur ya daina zama abin gwaji. Tudu guda muke da shi kyauta: gangaren kududdufin bayan gari, inda jakuna ke fitowa da ƙasar gini. Na ari buhun sabon gero uku a wurin Yaya don motar ta ji nauyin kayan tafiya, na gangara da baya zuwa tsakiyar gangaren, na taka birki, na sa giya ɗaya.

Ranar Lahadi ce, da la'asar, mutane na dawowa daga kasuwar Dambatta. Wannan ban sa shi a lissafi ba.

Ƙafar hagu na kan kuloci, ta dama na kan birki, ina shirin matsawa kan totur, sai ga surukina a saman gangaren, da lemarsa a hammata. Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abin da jiki ke yi in ya ga suruki, ba ya jiran shawarar kai. Hannuwana suka saki sitiyari, ƙafafuwana suka tattaru don in durƙusa, a cikin mota, a zaune. Motar ta yi tari ta mutu. Sannan ta fara tafiya.

Ba da gudu ba. Da ta yi gudu da an gama an huta. A hankali take sulalewa, kamar amaryar da ake fitarwa daga gidansu.

"Barka da yamma, Baba."

"Yawwa, barka kadai. An wuni lafiya?"

"Lafiya ƙalau, Baba."

Na ja birkin hannu. Ya taso har kusa da kafaɗata ba tare da ya kama komai ba. Na riƙe shi a sama, ina murmushi.

"Ya iyalin?"

"Suna lafiya, Baba."

Ya ga motar tana tafiya. Na san ya gani, ya san na san ya gani. Amma dattijo ba zai kunyata mijin 'yarsa a gaban jama'a ba, ni kuma ba zan katse gaisuwar suruki don in nemi birki da ƙafa ba. Abin da kawai ya yi shi ne ɗaga murya kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda nake nisa. Tayoyin baya suka taɓa ruwa, agwagi suka watse, salansa ta yi wani gurnani ta nutse.

"Ya gajiya?"

"Babu gajiya, Baba!"

Har yau in na rufe ido nan wurin nake komawa. Ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, kore shar da gansakuka, ya ɗauki takalmina ɗaya ya wuce da shi kujerar baya. Sanyi ya kama idon sawuna, ya hau gwiwa. Shi kuwa Baba, da yake gaisuwa tana da tsari kuma ƙarshen damina ne, ya kai ga tambayar da ke biye. Na ga ya ɗan yi jim, ya nemi hanyar tsallake ta, bai samu ba.

"Ya... ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Baba."

A nan ne wani tsoho mai jaki, wanda ya zo ɗiban ƙasa, ya karɓi ragamar al'amarin. Allah ya ja kwanansa, ban taɓa ganin mai ba da shawara da natsuwa irin tasa ba. Ya ɗaure jakinsa tukuna, ya gyara zama a kan tudu, ya ce, "Samari, kar ka firgita. Na yi aikin kuza a Jos, babu irin hawan da ban gani ba. Fara kashe rediyon nan, nauyi yake ƙara mata."

Na kashe. Wallahi na kashe.

"Yawwa. Yanzu karkato da jikinka gaba, ka kwanta a kan sitiyarin."

Na kwanta, ham ya ɗauki ƙara, sauran mutanen da ba su sani ba suka sani. Yara suka cika bakin kududdufi, masu tallar gyaɗa suka sauke farantai.

"A Jos," in ji shi, "in mota ta gaza a hawa, fasinja ake saukewa."

"Baba, ni kaɗai ne a ciki."

Ya yi shiru yana nazari. "To sauka mana."

Na kai hannu ƙofa, ya daka min tsawa. "Kai! Kar ka buɗe! So kake ruwa ya shiga?" A lokacin ruwan yana cibiyata, wani kwaɗo na zaune a kan giya. Ya umarce ni in ɗaga gilashi, sannan ya ce in fito ta taga. Da na nuna masa cewa biyun ba sa haɗuwa, sai ya juya ga jama'a ya ce matsalar yaran yanzu ke nan, gardama.

Shanun huɗa biyu ne suka fito da ita gab da magariba, da igiyar rijiya. Tsohon ya bi su yana nuna musu inda za su taka, su da suka shekara suna hawa gangaren. Surukina bai bar wurin ba sai da aka gama. Ya matso, ya dubi rigata, ya dubi ƙafata mai takalmi ɗaya, ya ce, "To, a gaida gida." Bai ƙara ko kalma ba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Geron Yaya ya jiƙa ya kumbura, na biya shi a farashin da ya ga dama. Uwargida ba ta ce komai ba, sai dai duk lokacin da ta miƙo min buta takan tambaye ni ya ruwa. Bakanike ya ce ruwa ya shiga inji, a nemi kuɗi. Tsohon mai jaki ya aiko jikansa takanas ya gaya min kar in yarda da bakanike, in shanya ta a rana kwana uku da ƙofofi a buɗe, kuma in zan tafi Mambilan in biya in ɗauke shi, don hanyar tana son wanda ya san hawa.