Oga, A Sa Mana Waccan!

Yau kwana tara da yin wasan, amma har yanzu ba a tashi daga shari'ar ba a teburin mai shayinmu da ke kusa da gadar Nyanya. Mawaƙin tuni ya koma Kano, ya kashe kuɗinsa, wataƙila ma ya manta ya taɓa zuwa. Mu da muka biya dubu biyar-biyar muka shiga, mu aka bari da zaman kotu kullum bayan isha'i. Babu alƙali, babu lauya, sai shaidu goma sha wani abu, kowa da irin rantsuwarsa.

Abin da ya faru bai taka kara ya karya ba. Gala aka shirya daren Juma'a a wani fili da ke hanyar Karshi. An ce ƙarfe takwas, gogan naka bai iso ba sai sha ɗaya saura. Wannan kam ba wanda ya riƙe shi da laifi, don duk wanda ya taɓa gangarowa daga AYA ya biyo tudun Kugbo da yammacin Juma'a ya san agogo ba ya aiki a wannan hanya. Ya hau dandamali, ya gaishe mu, ya ce, "Mutanen Nyanya, yau da sabon kaya na zo muku, waƙar da ko a Kano ba a ji ta ba tukuna." Aka yi shewa, aka ɗaga wayoyi sama. Kiɗa ya tashi.

Kafin ya kai baiti na biyu fili ya yi tsit, kai ka ce liman ne ya ce a yi wa mamaci addu'a. Wayoyin nan suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya. Masu rawa suka tsaya da ƙafa ɗaya a sama, ba su san inda za su ajiye ta ba. Can daga baya, wajen masu tsire, sai wata murya ta keto: "Oga, a sa mana waccan!"

Ba wanda ya tambayi wacce. Mawaƙin ma bai tambaya ba. Ya waiwayi dije, dije ya taɓa kwamfuta, sai ga waccan. Fili ya rikice. Sau uku ya yi ta a daren, kuma a zagaye na uku bai ma wahalar da kansa ba, lasifikar ya miƙo mana muka rera masa abarsa, yana gyaɗa kai kamar malamin da ke karɓar hadda. Dubu biyar na biya don in yi wa mawaƙi waƙa.

Mai muryar nan ta wajen masu tsire ɗan majalisarmu ne, direban bas da ke jigila tsakanin Nyanya da Berger. Washegari shi ne ya fara buɗe shari'a. Ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi, ya ce, "Ni fa yaron nan ya ba ni kunya. Babu wani sabon abu. Abin da ya yi mana bara a Mararaba shi ya sake juye mana." Na ce, "Haba direba, ba kai ne ka ce a sa waccan ba?" Ya dube ni duban wanda bai san kan duniya ba, ya ce ai wannan daban, da tsohuwar zuma ake magani. To me ya sa kake kukan babu sabo? Ya ce sabo yake so mana, amma sabo irin na da.

Wannan magana ta direba ita ce matsayar mafi yawanmu, illa dai shi ne ya yi ƙarfin halin faɗa. A kawo mana sabuwar waƙa wadda muka riga muka haddace.

Babban abokin hamayyarsa wani matashi ne mai shagon cajin waya da turin waƙoƙi. Shi ba da baki yake gardama ba, da littafi yake zuwa. Wani tsohon littafin lissafi ne na 'yan firamare, ya ja layi a ciki, ya rubuta duk waƙoƙin da mawaƙin ya yi a Mararaba, da Masaka, da Suleja, da Gwagwalada, a jere yadda suka zo. Ya buɗe ya nuna mana cewa cikin waƙoƙi tara, bakwai ba sa canzawa, har wurin da mawaƙin ke cewa "ina masoyana" ɗaya ne a duk garuruwan. A wurinsa wannan cin amana ne. Na tambaye shi, tun da ya san abin da za a yi tun daga bismilla har fatiha, me ke kai shi? Ya ce don ya tabbatar. Yaron da ke bin mutum huɗu a majalisar bashin kuɗin caji bai taɓa rubutawa ba, amma ya san waƙa ta biyar a Suleja.

Akwai kuma wani tela da ya fi kowa ɗaga murya, ya fi kowa sanin inda aka yi kuskure. Sai a kwana na huɗu muka gano bai je wasan ba.

A yi mana adalci, mu mutanen Nyanya muna da uzurin da wasu ba su da shi. Garin nan masaukin ma'aikata ne tun lokacin da ake gina Abuja, kuma har gobe aikinsa ke nan: ya tashe mu da asuba ya tura mu cikin birni, ya karɓe mu da dare a gajiye. Tafiyar da ba ta wuce minti ashirin ba in hanya a buɗe take, sai ta ci awa biyu. Duk tsawon wannan zama memori ɗaya ke juyawa a motar, direba ba ya canza shi sai in an sace. Mutumin da ya ji waƙa ɗaya sau biyu kullum, shekara uku, tsakanin Kugbo da gadar Nyanya, ya fi mai waƙar saninta. Ya san inda aka ja numfashi. In ka zo gabansa ka sauya kalma ɗaya, gani yake ka taɓa masa kayan gado. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, mu kuwa turkenmu a tsakiyar titi aka kafa shi.

A kwana na biyar Baba ya sa baki. Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, da su aka kwaso daga Legas lokacin da aka dawo da fadar gwamnati Abuja a Disambar 1991, aka sauke shi a Nyanya da alkawarin na ɗan lokaci ne. Ya ce, "Ku yara ba ku ga masu taurin kai ba. Fela Kuti, in dai ya riga ya sa waƙa a faifai, ya gama da ita. Ka je gidan rawarsa a Ikeja ka yi ta ihu a yi maka tsohuwa, ba zai yi ba. Mai son tsohuwa ya je ya sayi faifai." Direba ya ce da a filin hanyar Karshi ya gwada wannan, da ya ga ruwan leda. Baba ya ce, "Fela? Wanda sojoji suka ƙona wa gida a 1977 bai sauya hali ba, shi ne ledarka za ta firgita?"

Direba ya ga an matse shi, sai ya ruga ya fake a bayan Shata. Ya ce su 'yan gargajiya ne, Shata suka sani, mutumin da bai san wani sabon salo ba. Nan Baba ya yi dariyar da ta sa shi tari. Ya ce in akwai wanda bai taɓa yarda ya tsaya wuri ɗaya ba, ai Mamman Shata ne. A tsaye yake ƙirƙirar waƙa, yana duban fuskar wanda zai wasa, 'yan kalangu na biye da shi. Bakandamiyar da kowa ke ji da ita ma ba iri ɗaya ba ce, kowane ɗauka da abin da ya ƙaru da abin da ya fita. Da Amurkawa suka je duniyar wata a 1969, mutumin Musawa bai ce wannan ba al'adarmu ba ce, waƙa ya yi wa kumbon Apollo. Wato a zamaninsa Shata ne mai sabon kaya. Sai da ya rasu a 1999, muka tabbatar ba zai ƙara ba mu mamaki ba, sannan muka naɗa shi sarkin kada-a-canza.

Kada kuma a ɗauka cutar ta Bahaushe ce kaɗai. Rolling Stones, makaɗan jita na Ingila, tun 1962 suke abu ɗaya. Sun fitar da sabon kundi a 2023, suka zagaya Amurka a 2024, mawaƙinsu Mick Jagger yana da shekara 80 yana tsalle a dandamali. Daga sabon kundin 'yan ƙalilan suke taɓawa a dare, sauran lokacin na tsofaffi ne, har da wadda suka yi tun 1965, shekarar da Sardauna ke Firimiya a Kaduna. Sukan bar gurbi ɗaya masoya su jefa ƙuri'a su zaɓi waƙa. Da na ba da wannan labari, tela ya ce a Nyanya ba za ta yiwu ba, sai an sayi ƙuri'u. Mai littafi kuwa ya kawo misalin Mdou Moctar, Buzun Nijar da ya ɗauki kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, da irin tace murya ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙinsa suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a Sahara, yau ga shi yana zagaya Turai da Amurka da jitar lantarki. Ya ce da ya tsaya jiran masu "a sa mana waccan", da bai wuce gidajen biki ba. Direba ya ce shi bai san shi ba, kuma duk wanda bai sani ba bai shahara ba.

Duk wannan gardama, ni a ganina, mun bar jaki muna dukan taiki. Su Turawa takarda suke rubuta jerin waƙoƙinsu su manna a ƙasan dandamali. Namu jerin a goshin mawaƙi ake rubuta shi, da takardun naira. A daren nan waƙar da ta fi kowace tsawo ba tsohuwar ba ce, ba sabuwar ba ce. Wani Alhaji ne mai sayar da tayoyi ya fito da bandir na 'yan ɗari biyu-biyu sababbi fil. Waƙar minti huɗu ta koma minti ashirin da biyar. Muka ji sunansa, da na mahaifinsa, da na uwargida, da na amarya, da lambar shagonsa. Da bandir ya ƙare aka ɗauka an huta, sai ya laluba ɗaya aljihun. Wannan ita ce sabuwar waƙa ta gaskiya da aka yi a daren, a gabanmu aka haife ta, kuma ba ta cikin littafin yaron caji.

Liƙin ma yanzu da fargaba ake yinsa. Sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ga mai wulaƙanta naira, kuma tun 2024 da hukumar EFCC ta fara gurfanar da fitattun mutane a kan haka, wasu masu hannu da shuni suka koma turawa ta waya. Sanƙira ya karanto lambar asusu, mawaƙi ya riƙe amshi yana juyawa, ido na kan waya, ba za a ambaci sunanka ba sai alat ya shigo. A daren nan sabis ya ɗauke wa wani bawan Allah, aka yi ta maimaita amshi ɗaya har sau goma sha biyu, yana ɗaga waya sama yana neman sabis, mu kuma muna zaton wani sabon salo ne.

Ban so in faɗi wannan ba, amma da janareta ya shaƙe na ɗan lokaci, muryar mawaƙin ta ɗauke tare da fitilu, bakinsa kuwa bai daina motsi ba. Mu bar wannan a nan.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Da aka ce "a sa mana waccan", muryata na cikin waɗanda suka amsa. Waccan ta fito ne shekarar da nake zuwa zance Jikwoyi a kan aron babur, litar mai tana naira 97, cikina bai riga ni shiga ɗaki ba. In ta tashi, minti huɗu nake samu in koma can. Sabuwar waƙa ba ta da abin da za ta tuna mini sai kuɗin haya da na makaranta, don a zamaninsu aka haife ta. Da na gaya wa uwargida haka, ta ce in dai tuna baya nake so, ta ajiye jerin alkawuran da na yi mata a shekarar, tana iya rera mini su kyauta, har da amshi.

Jiya da safe na shiga motar direba zuwa cikin gari. Mun maƙale a hawan Kugbo, rana ta fara zafi, sai na ji yana buga sitiyari da yatsu yana ɗan rera wani abu a maƙogwaro. Na kasa kunne. Sabuwar ce, wadda ya tsayar da bakinsa. Na ce, "Direba, me nake ji haka?" Ya ce kwandasta ne ya tura masa ita a memori ba da izininsa ba, kuma bai san yadda ake gogewa ba. Muka ɗan matsa gaba kamar tsawon mota biyu. Ya ce an ce yaron zai zo Masaka wata mai kamawa, har ya sa a ajiye masa tikiti.

"Amma wallahi in bai yi mana waccan ba, sai an dawo mini da kuɗina."

Na ce, "Wacce?"

Ya ƙara murya.