Man Cire Gashi Bai San Jarumi Ba

Mutanen Ƙanƙara, na san halinku. Da an ce man cire gashi yana ƙona fata sai ku taɓe baki, wai zancen 'yan birni ne masu jikin auduga, ku kuwa kun sha ranar gona kun ƙoshi. To madalla da jarumta. Sai dai ranar nan ba ta taɓa leƙa hammatarku ba, balle wurin da ba a faɗa, kuma can ne kuke lafta man.

Ku zauna in faɗa muku abin da kuke saye. Gashi da wani sinadari mai suna keratin aka gina shi. Man yana ɗauke da tayogilaikolet wanda ke tsinka ƙulle-ƙullen keratin ɗin, haɗe da wani abu mai kaifi dangin ruwan toka. A ma'aunin pH yana kai wajen 12, fatar ɗan Adam kuwa tana wajen 5 da rabi. Ga inda gizo ke saƙar: saman fatar ma keratin ne. Idan man ya gama da gashi bai ga an wanke shi ba, sai ya ci gaba da abin da ke ƙasa. Aikin majemi ne sak, lokacin da ya jiƙa fatar akuya a toka don gashi ya tuje. Bambancin kawai, akuyar an riga an yanka ta, ba ta da ƙorafi.

Ga wata Hajiya daga Faskari ta ɗaga hannu: “Malam, ai nawa an rubuta na masu fata mai laushi ne.” Hajiya, kin karanta wannan layin, kin tsallake na ƙasansa. Man Nair yana kasuwa a Amurka tun 1940, shi da man Veet har gobe suna gargaɗin kada a wuce minti 10, kuma a fara gwada ɗan kaɗan a wuri guda a jira awa 24. Ke kuwa kin shafa, kin ɗora tukunya, kin kira ƙawarki a Funtuwa kun raba gardamar ankon biki. Kafin ki tuna da banɗaki an yi rabin awa. Washegari kina tafiya hannuwa a buɗe, ana tambaya kina cewa ƙurajen zafi ne.

Masu shafa man bilicin ba za su so wannan ba, amma zan faɗa. Da yawan mayukan nan suna sa fata ta yi siriri, irin wannan fatar kuwa ba ta jure ko mintunan da aka rubuta. Haka fatar da hunturu ya tsattsage, ko wadda aka bi da reza jiya, ko mai ƙyasbi da ƙuraje. Abin haushin, ƙunar takan warke cikin kwanaki, amma a baƙar fata irin tamu takan bar tabo mai duhu da zai yi watanni. Amarya ta nemi santsi ana jibi ɗaurin aure, ta samu taswira.

Maza, ku daina dariya. Na san masu kwaɓa hodar Magic su shafa a wuya don gudun ƙurajen aski. Hujjarku tana da ƙarfi, gashinmu murɗaɗɗe ne, bayan reza yakan lanƙwashe ya koma cikin fata. Amma hodar ma da agogo take aiki.

Sai ɗan'uwana na Sabuwa mai cewa in magani bai yi zafi ba bai yi aiki ba. Yallaɓai, wannan ba borkono ba ne. Da ka ji raɗaɗi, goge shi, ka yi ta kwarara ruwa mai sanyi kamar na minti 20. Kada ka bi shi da turare, ko lemon tsami, ko man goge baki. Basilin ya isa. In wurin ya tashi ƙulu-ƙulu da ruwa, ko ya fara ɗiga, ko fuska ta kumbura, ajiye kunya ka nufi asibiti.

Wani zai ce tsafta ce ta addini ta sa shi gaggawa. Gaskiya ne, an so kada a wuce kwana 40 ba a gyara ba, amma ba wanda ya ce lallai sai da man kanti. Almakashi yana nan, reza sabuwa tana nan. Wanda kuma ya nace sai man, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin ya biya, ya gwada kaɗan yau ya jira gobe, sannan ya shiga banɗaki da agogo.