Darasin Jirgin Ƙasa

A 2017, ɗaliban wata makarantar koyon aikin jirgin ƙasa da ke Zhengzhou a ƙasar Sin sun tafi sanin makamar aiki. Sai ga su a masana'antar Foxconn suna harhaɗa iPhone X, wasu har awa 11 a rana. Sun ce in ba su cika wata uku ba, babu takardar kammala karatu.

Kada a yi saurin zargi. Ma'aikacin jirgi ai yana buƙatar doguwar tsayuwa da hana ido barci. To, ga su an koyar.

Apple ya ce da son ransu suka zo. Haka ne mana. Ikon Allah, ƙishin ilimin nan bai tashi kama yaran ba sai daidai lokacin da sabuwar waya za ta shiga kasuwa.