Ranar da Na Yi Wanka a Randar Mutane

Laifin Wikki ne. Tun da na je Yankari na tsunduma a ruwan Wikki mai ɗumi, wanda ma'aunin zafinsa ba ya gusawa daga digiri 31 rani da damina, na ɗauka duk abin da ake kira marmaro haka yake: garai-garai kana hango yashin ƙasa, ga faɗi, ga zurfi. Don haka da abokin aikina ya ce akwai marmaro a gonar kawunsa a gindin duwatsun Riruwai, ban tsaya tambayar girmansa ba. Watan Afrilu ne, Kano ta zama tanda, zafi ya haura digiri 40. Na sayi gajeren wando da sabulu mai ƙamshi, na biya wajen mai faci ya hura mini tsohon tiyub na mota, domin iyo dai ban iya ba.

Ranar tafiya matar abokin nawa ta haihu, sai ya sallame ni da kwatance. "In ka je ka fara gaida Kawu, ka ce ni na turo ka." Na shiga motar haya, muka wuce Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, tiyub yana kan cinyata kamar jariri. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta tambaye ni ko motata ce ta lalace. Na ce e.

Da ɗan acaɓa ya sauke ni, ya nuna mini gidan Kawu a hagu, gonar a dama. Gumi ya riga ya jiƙa ni sharkaf. Na ce a raina gaisuwa ba ta gudu, na yi dama, na tsallake shingen ƙaya, ya karɓi rabin rigata a matsayin kuɗin shiga.

Na ratsa rake da gwaza ina neman tafki, sai ga abin nema a ƙarƙashin wata kanya. Wallahi bai fi bahon wanki ba. Ruwa na ɓuɓɓugowa a hankali daga tsagin dutse, an kewaye shi da duwatsu tsaf, ga wani ƙoƙo rataye a reshe. Mai hankali da ya ga ƙoƙon nan da ya gane. Ni kuwa cewa na yi, kai, mutanen karkara akwai karamci, har abin watsa ruwa sun ajiye wa baƙo.

Na rataya tiyub a wuya, tunda kuɗi na saya, na shiga na zauna. Ruwan ya tsaya mini a cibiya, sanyi ƙalau kamar na sabuwar randa. Na murza sabulu tun daga ƙeya har haɓa, kumfa ta rufe mini ido, har na fara 'yar waƙa.

Ƙarar fashewar tulu na fara ji, sannan ihu. "Aljani! Aljani a ido!" Na buɗe ido ɗaya na hangi 'yan mata uku sun ranta a na kare. Ban zarge su ba. Tsakar rana, gindin kanya, farar fuska, baƙar ƙawanya a wuya, yana waƙa. Ni ma da gudu zan yi.

Kafin in lalubo wando, ga dattijo da gora, kare na biye da shi, yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa. Ya tsaya daga nesa.

"Mutum ko aljan?"

"Mutum ne, Baba."

Ya dubi kumfar da ke yawo a kan ruwan, ya daɗe yana dubanta. "Da aljanin ne da ya fi mana. Shi tun zamanin kakana yake nan, bai taɓa shiga da sabulu ba."

Ashe Kawun ne da kansa. A nan na sami darasi a tsugune. Ruwan damina ne ke shigewa tsagogin dutsen, ya yi ta tsattsafowa har ƙarshen bazara, lokacin da rijiyoyi suka ƙafe. Shi gidansa da maƙwabta ke sha. Ƙoƙon na ɗiba ne. Mai son wanka can ƙasa yake zuwa, inda rarar ke gangarawa cikin rake. Da na ambaci sunan wanda ya turo ni, cewa ya yi, "Ai na ga alama."

Hukuncin bai da tsauri a baki: in kwashe ruwan kaf, in yashe lakar, in jira ya sake taruwa. Ƙwarya aka ba ni. Ina kwasa dutse na ƙarowa, yara sun jeru a kan shinge suna ƙirga mini. Da na gangara zubar da laka, taɓo ya haɗiye takalmina ɗaya, ya ba ni canjin matsattsaku biyu a ƙwauri. Kawu ya barbaɗa musu toka suka faɗi, ni kuwa sai da ya ce, "Haba ɗana, yi shiru mana, mata na jin ka."

Sai bayan la'asar ruwan ya kwanta. Na biya kuɗin tulu, aka dama mini fura da ruwan jiya, aka ɗaura mini rake biyar, aka raka ni bakin hanya da takalmi ɗaya da silifa na aro.

Bayan sati biyu abokina ya je ƙauye ya dawo yana dariya har da hawaye. Wai yanzu da ni ake tsorata yaran da ba sa son wanka. Kawu kuma yana gaishe ni. Ya ce tiyub ɗin da na manta ya yanyanka shi yana ɗaure rake a keke, roba ce mai kyau, in akwai wani in taho da shi.