Zuwa Ga Bawana Bazazzage, Sarkin Noman Ƙanƙara

Gafara dai, Sarkin Noma! Ban san wanda ya naɗa ka ba, tunda ba a taɓa jin bawa ya yi rawani ubangidansa na Kano bai sani ba. Hotunan da ka turo daga Saskatun ta Kanada sun iso, na kuma baje su a majalisa bayan la'asar. An daɗe ana gardama kan sandar nan da ka tsaya kusa da ita kana washe baki. Wasu suka ce turken akuya ne, wasu suka ce ta shanyar kaya ce. Sai da muka karanta rubutun da ke ƙasa muka gane wai mangwaro ne. Allah ya ba ka haƙurin rashi.

Abin da ya ɗaure mini kai, kai fa a Samaru ka tashi, a gindin cibiyar binciken aikin gona da ke nan tun 1922. Kullum ku Zage-zagi kuna cika mana baki wai ilimi naku ne, mu sai tsadance goro. To ina ilimin ya shiga ranar da ka tsotse mangwaron kanti ka turbuɗa ƙwallonsa a garin da sanyinsa kan kai digiri 40 ƙasa da sifili? Dashen mangwaro, da gwaiba, da zogalen da ka jera musu a gefe, dare ɗaya na daskarewa ya ishe su. Kanada ta raba ƙasarta shiyya-shiyya gwargwadon abin da tsiro zai iya jurewa, daga 0 zuwa 9, kuma lambar tana rataye a wuyan dashe a inda ake sayar da shi. Garinka yana shiyya ta 3. Ko yaron shago a Kantin Kwari ya san a duba lamba kafin a biya.

Duk noman naku bai wuce kwana ɗari da 'yan kai ba, daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Satumba. Shi ya sa maƙwabtanka ba sa fitar da tumatir sai hutun Ranar Biktoriya ya wuce. A ɗaki suke rainonsa tun Afrilu, bakin taga ko ƙarƙashin fitila, sannan su riƙa fitar da shi shan iska kaɗan-kaɗan har ya saba. Kai da ka ga rana ta leƙo sai ka kwashe naka gaba ɗaya ka dasa. Wai kai ɗan fadamar Galma.

Yakuwarka ce ta ba ni tausayi, don ita laifin ba naka ba ne sosai. Ta yi ganye shar har ta kusa kai maka ƙirji, ka fara yi wa mutane alkawarin zoɓo. Ita kuwa ba ta fure sai yini ya gajarta, ga shi a watan Yuni rana kan yi fiye da awa 16 a kanku ba ta faɗi ba. Kafin yinin ya dawo yadda take so, sanyin Satumba ya riga ya murɗe mata wuya. Ka ci miyar ganye, ka yi hamdala.

Na ji wata tsohuwa maƙwabciyarka ce ta gaji da kallon jana'izar da kake yi duk shekara, ta leƙo ta katanga ta ɗora ka a hanya. Ka gaishe min da ita. Abin da ta gaya maka shi ne gaskiyar lambun ƙasar: itatuwan da ke albarka a can ba haƙuri suke yi da sanyin ba, bukatarsa suke. Tuffa sai ta kwashe ɗaruruwan awoyi cikin sanyi tana barci kafin ta yi fure mai kyau, dalilin da ya sa ba ta yin abin kirki a Kura ko Kadawa ke nan. Ga Norland, ga Goodland da aka fitar a Moden ta lardin Manitoba, duk don irin hunturunku aka yi su.

Kuma jami'ar da ke cikin garinka, wadda kake wucewa kullum, tana cikin manyan masu wannan aiki. A 1999 ta fitar da gajeriyar ceri mai tsami, Carmine Jewel, a 2004 ta biyo da su Romeo da Juliet da Valentine. Ba auren dashe aka yi musu ba, a kan saiwarsu suke, don haka ko sanyi ya cinye saman, abin da zai tofo daga ƙasa irin nan ne dai. Sai haskap, shuɗin ɗan itacen nan mai tsawo da Dakta Bob Bors ya shahara da shi, wanda furensa ke jure digiri 7 ƙasa da sifili, kuma yana cikin na farkon nuna.

A nan ma sai da ka nuna hali. Ka je ka kwaso haskap irin Aurora zalla, ka jera, ka kafa kujera kana jiran 'ya'ya. Haskap sai an haɗa iri biyu masu fure lokaci guda, Aurora da Borealis misali, ƙudan zuma su yi musu jigila. Ko a Zazzau ana ɗaura aure da dangin ango kaɗai? Da ka gyara, 'ya'ya suka zo, ka tsaya ɗaukar hoto maimakon ka rufa raga. Tsuntsaye sun gode.

Batun shebur kuma. An ce duk safiyar hunturu sai ka kwashe dusar ƙanƙara daga gindin shuke-shukenka wai kar su ji sanyi. Malam, bargonsu kake yaye musu! Ƙasar da dusa ta rufe ta fi wadda aka bari tsirara ɗumi nesa ba kusa ba. In aikin kake so, ka naɗe gindin tuffa da kariya tun kaka, domin zomaye da ɓeraye in yunwa ta kama su ɓawon suke gwaguya, kuma in suka zagaye shi bishiya ta tafi. Farin naɗi ya fi, yana tare ranar ƙarshen hunturu da kan ɗumama gefen kudu maso yamma da yini, dare ya daskarar da shi ya tsage.

Furanni kuwa, nan muka rabu. Fili mai tsada irin wannan, mutum ya cika shi da abin da ba a ci, ba a kai wa 'Yan Lemo! Ka binne tulif a kaka ka jira har bayan hunturu, ka tone saiwar daliya ka kai ɗakin ƙasa ka yi ta leƙa ta. Na ji ma saura ƙiris uwargida ta yanka kan tulif a miya a zaton albasa ce. Ka rubuta musu suna, ba abin ci ba ne. Haka ganyen rubab, guba ne, karan kaɗai ake dafawa. Na dai yarda da abu ɗaya: fure ke jawo ƙudan zuman da ceri da tuffarka ke nema. Fiyoni ma ban ƙi ta ba, tunda sau ɗaya ake biyan kuɗinta ta yi shekaru gommai tana fure, muddin ba ka nutsa idonta can ƙasa ba. Wannan ciniki ne, ko Bakano zai saya.

Saura kuɗin shara. Tun da ka haye ka ɗauke ƙafa, kana zaton teku na yanke bauta. Cika-ciki na tafe. Dalar Kanada ba na so, don na san hannunka. Ka sa a dafa min cerin nan da sukari, kwalba biyu manya, ka ba mai tahowa. Kada ya zama Bazazzage, ɗaya za ta iso.