Cinikin Mai Gudu da Ƙwallo

Duk watan Afrilu, kafin ƙungiyoyin NFL su zaɓi sababbin 'yan wasa, masoya ƙwallon Amurka kan duba mai gudu da ƙwallo kamar ragon layya: a ƙyalla cinya, a auna kafaɗa, a yi ta gardama kan sakan nawa ya cinye yadi 40.

A 2012 Cleveland Browns ta ɗauki Trent Richardson a matsayi na uku, magoya baya suka yi ta murna. Shekara na zagayowa ta sallama wa Colts shi. Isiah Pacheco kuwa sai a na 251 aka tuna da shi a 2022, amma ya ɗaga kofin Super Bowl da Kansas City a kakarsa ta farko.

Ita Browns har yau a talabijin take kallon wasan Super Bowl.